Tekun Kalanda da Tekun Kwatanu: Sharhi Kan Hotunan Fitowar Rana

Akwai wani irin hoto da ya yi yawa cikin wayoyinmu ƴan shekarun nan, kuma na tabbata duk mai karanta wanga ɗan littafi ya taɓa cin karo da shi. Ɗalibi ya tafi karatu Kwatanu ko Lome, ko ɗan kasuwa ya gangara ɗauko kaya, sai ka wayi gari ka tarar ya sa hoto bisa WhatsApp ko Facebook: ruwa a ƙasa, sama ta yi ja wur, rana kamar gwaiduwar ƙwai tana leƙowa, wani lokaci da itacen kwakwa guda ya karkato daga gefe. A ƙarƙashi an rubuta barka da safiya, ko wata ƴar addu'a. Mu da ke zaune Maraɗi ko Damagaram ko Tawa sai mu ce masha Allah, mu dangwala alamar so, mu wuce.

Na daɗe ina tara irin waɗannan hotuna, na abokai da na ƴan uwa, kuma su nake son in yi wa sharhi yau. Wani zai ce, haba, mi ke akwai na sharhi ga hoton da yaro ya ɗauka da salula don nishaɗi? Dalilina biyu ne. Na ɗaya, mai ɗaukar hoto don sha'awa ya fi kowa ƴanci. Mai studiyo yana bin son wanda ya biya shi, ɗan jarida yana bin son edita, shi kuwa wanga babu mai ce masa juya nan ko juya can. Idan mai cikakken ƴanci ya ƙare da kwaikwayo, ai akwai abin tambaya. Na biyu, ƙasarmu ba ta da teku. Daga Yamai zuwa Kwatanu tafiyar sama da kilomita 1,000 ce. Ga kaka da ke ƙauye, da ƙanin da bai taɓa wuce Gaya ba, hoton da anka aiko shi ne tekun da za su gani, wataƙila har ƙarshen rayuwa. An ce gani ya kori ji. To idan abin da anka nuna maka ba shi ne abin da ke wurin ba fa?

Ƙorafina a taƙaice shi ne: hotunan suna da kyau, amma ba su da adireshi. Ka jera goma ka ce a nuna maka na Lome da na Kwatanu, ko mai hoton kansa sai ya yi ta kame-kame. Mutum ya sha zaman mota na kwana da yini, ya tashi tun da jijjifi, ya isa bakin ruwa, sannan ya dawo mana da hoton da muka riga muka sani a kalandar shagon tela da fuskar sabuwar waya.

Kafin in ci gaba, bari in ba masu hoton haƙƙinsu. Tashi da asuba a garin da ba naka ba, ka hau kabu-kabu cikin duhu-duhu don kawai ka ga ruwa, ba ƙaramin abu ba ne. Ƙishirwa ce ta gaske, ta mutumin da ya girma yana auna ruwa da guga da jarka. Kuma kakanninmu sun riga mu cin wannan jarrabawa. Da Bahaushe ya ga ruwa yana tasowa da tozo, yana tafe yana rangaji, bai ari sunan kowa ba, ya ce raƙumin ruwa, ya ce taguwar ruwa. Ya dubi baƙon abu da idon gida. Abin da nake nema cikin hotunan ke nan, kuma shi ne na fi rasawa.

Aibi na farko da na gani shi ne rashin sanin inda rana take. Gaɓar Benin da Togo ta miƙe ne kusan daga yamma zuwa gabas, ruwan yana kudu. Idan ka tsaya ka fuskanci teku a Kwatanu ko Lome, gabas tana hannunka na hagu. Saboda haka rana ba ta fitowa gaba gare ka daga tsakiyar ruwa kamar yadda kalanda ta koya mana. Wannan sai a gaɓar da ke kallon gabas, irin ta Mombasa, ko ta Sudan a bakin Bahar Maliya. A Kwatanu abin ya danganta da wata. Wajen Disamba rana tana karkata kudu da kimanin digiri 23, sai ta fito ta kan ruwa, can gefen hagu. Wajen Yuni tana karkata arewa da kamar haka, sai ta fito ta bayan gari, ta kan rufin kwano da itatuwan kwakwa. Wanda bai san haka ba sai ka ga ya murɗe jiki, ya karkata waya, don dole sai rana da ruwa sun shiga hoto tare. Nan ne layin da sama ta haɗu da ruwa ke fitowa a karkace, kamar tekun zai tsiyaye ta kusurwar hoto. Ruwa kuwa ba ya kwana a karkace, ko a ƙwarya.

Abin takaicin shi ne, wannan yanayin da suke faɗa da shi kyauta ce. Hasken da ke zuwa daga gefe shi ke fito da jikin abu. Shi ke nuna tozon kowane raƙumin ruwa, da sawun ƙafa bisa rairayi, da zanen fenti a jikin kwale-kwale. Wanda ya ba rana gefe, ya bar ta wajen hoto, ya fi samun safiyar fiye da wanda ya tsura mata ido.

Akwai kuma maganar lokaci. Agogon Benin ɗaya ne da namu, kuma a Kwatanu rana tana fitowa tsakanin 6:30 da 7:00 da ƴan mintoci. Togo tana bayanmu da awa guda, don haka a Lome, da ke kimanin kilomita 150 kacal daga Kwatanu, wajen ƙarfe 6:00 ko kafin nan ta riga ta fito. Garuruwan biyu suna kusa da tsakiyar duniya, wajen digiri 6 arewa, inda rana ke hawa kusan a miƙe, ba ta jan ƙafa. Daga leƙowarta zuwa fitowarta gaba ɗaya minti 2 ne da ɗoriya. Launin da ya fi daɗi yana zuwa ne kafin ta fito, cikin minti 20 ɗin da ke gabanta. Da yawa daga hotunan da na duba, inuwar da ke cikinsu ta tona asiri: hantsi ya riga ya ɗaga, launin ya tafi, sai anka nemo shi cikin waya.

Wannan ya kawo ni ga aibi na biyu, wato rini. Haka nake kiransa, don abin da ake yi wa hotunan bai da bambanci da tsoma farin ƙyalle a marina. A ja ja har sama ta koma kamar an zubar da manja, a ja shuɗi har ruwan ya koma bula. Alhali ruwan gaɓar nan da safe sau da yawa toka-toka yake, ko kore mai duhu, kumfarsa tana haɗe da yashi. Kuma ga wani abin ban dariya: watannin da rana ke fitowa ta kan ruwa, Disamba da Janairu, su ne watannin hunturu. Hazon da ke tasowa daga wajenmu yana gangarawa har bakin teku. A irin wannan safiya ba a ganin rana a bakin ruwa sam. Sai ta hau kaɗan tukuna ta bayyana, fara fat ko ruwan ƙwai, kamar faifai, har kana iya kallonta. Ɗan Sahel ya tsaya gaban teku, ƙurar ƙasarsu ta biyo shi har can ta lulluɓe rana, wallahi wannan shi kaɗai labari ne. Shi kuma sai ya sa yatsa ya goge labarin, ya shafa jan da babu shi.

Kada a fahimce ni baibai, ban ce gyaran hoto haramun ba ne. Matsalar haske tsohuwa ce: sama ta fi ruwa haske nesa ba kusa ba, idan ka biya wa ɗaya sai ɗayan ya ɓaci. Gustave Le Gray, Bafaranshen da ya yi suna da hotunan teku a 1856 da 1857, ya kan ɗauki sama daban, ruwa daban, sannan ya haɗa su bisa takarda guda. Wayoyin yanzu ma kusan haka suke yi, suna ɗaukar hotuna da yawa cikin ƙiftawar ido su haɗe. Amma Le Gray ya yi dabararsa ne don takarda ta kusanci abin da ido ke gani. Rinin namu yana nisanta hoto daga abin da ido ya gani, ya kai shi ga abin da anka saba yabawa. Nan bambancin yake.

Aibi na uku shi ya fi ci mini rai: yankewa. Duk hoto yanka ne, na sani, ba a zuba duniya duka cikin tafin hannu. Tambayar ita ce mi ka yanke, kuma don mi. Bakin tekun Kwatanu da Lome da sassafe ba kango ba ne. Wurin aiki ne. Masunta suna tura kwale-kwale cikin ruwa, wasu sun jeru bisa igiya suna jan taru, aikin da ke cin awoyi, mata suna jira da manyan robobi. Masu gudu suna gudu, yara suna ƙwallo. Can nesa ga manyan jirage sun yi layi suna jiran shiga tasha, fitilunsu ba su mutu ba tukuna. A Lome ga ragowar tsohuwar gadar jiragen ruwa ta zamanin mulkin mallaka, ƙarafanta sun yi tsatsa cikin ruwa. Duk wannan sai mai hoto ya matsa, ya durƙusa, ya juya, har sai ya samu kusurwar da babu kowa babu komi, sannan ya danna.

Ka duba abin da ya zubar. Jiragen nan, ai da su muke ci. Shekara da shekaru shinkafa da motoci da kayan shaguna na kasuwanninmu ta waɗannan tashoshi suke shigowa, kuma tun da hanyar Gaya ta samu cikas a 2023 kowa ya ji a aljihunsa. Ɗan Nijar da ya cire jirgi daga hotonsa don wai ya ɓata kyau, ya cire abu guda da ya haɗa tekun da tukunyar gidansu. Duwatsun da anka jibge cikin ruwa a gabashin Kwatanu, wajen Akpakpa, su ma ana kauce masu. Alhali su ne shaidar cewa ruwa yana cin ƙasa. Igiyar ruwa a gaɓar nan tana kwasar yashi daga yamma zuwa gabas. Da anka gina manyan tashoshin jirage a shekarun 1960, yashin ya riƙa taruwa a yammacinsu, gabas kuma ta riƙa zaizayewa. Gidaje sun tafi, a Togo har tsohuwar hanyar mota ta bakin ruwa tsakanin Lome da Aneho ruwa ya ci. Mu da muka san yadda rairayi ke binne gona, mu ya kamata mu fi kowa gane ƙasar da ke guduwa daga ƙarƙashin ƙafar masu ita.

Kuma a Wida, inda anka gina Ƙofar Tafiya Ba Dawowa a 1995, na ga hotunan da anka ba ƙofar baya don a samu ruwa tsantsa. Ta wannan gaɓa, daga Wida har Ikko, anka yi lodin bayi zuwa Barazil, cikinsu har da Hausawa, waɗanda sunansu ke fitowa cikin tarihin boren bayi na Bahiya tun daga 1807. Ban ce kowane hoto sai ya zama darasin tarihi ba. Amma wanda ya san haka, tsayuwarsa a wurin ma daban take, kuma tsayuwa ita ce rabin hoto.

Masu ganin cewa hayaƙi da ƙarfe suna ɓata fitowar rana, su tuna zanen da ya fi kowane suna a wannan fanni. Claude Monet ya zana Impression, soleil levant a 1872, an nuna shi a Paris a 1874, kuma daga sunansa anka raɗa wa salon zanen nan gaba ɗaya suna. Mi ke ciki? Tashar jiragen Le Havre ce, garin da ya girma. Ga ƙananan jirage da mutane ciki, ga sandunan manyan jirage, ga injinan ɗaga kaya da bututun hayaƙi cikin hazo, sannan ƴar rana ja ƙarama. Bai share tashar don ya samu safiya ba. Safiyar tashar ya zana.

Na san amsar da za a ba ni, don an sha ba ni ita. Wata ƴar ajinmu ta ce da ni: “Kai dai ka cika son wahala. Mutum ya ga ikon Allah ya ɗauka, sai ka ce sai ya sa masunta da tsatsa?” Maganarta tana da ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. Akwai mai son ruwa da sama kawai, kuma akwai wanda ya yi haka ya yi kyau. Hiroshi Sugimoto, mutumin Japan, tun 1980 yake ɗaukar tekunan duniya a baƙi da fari, rabi sama rabi ruwa, babu jirgi, babu tsuntsu, babu gaɓa. Amma shi zaɓi ya yi, ya riƙe shi shekaru, har wofin nasa ya zama magana. Kuma ka lura, har launin ya zubar, ya ƙi duk abin da ke saurin burge ido. Wofin hotunanmu ba daga zaɓi ya fito ba, daga tsoro ya fito: tsoron kada a ce wurin da ka je bai kai na kalanda ba. Game da ikon Allah kuwa, ban ga dalilin da zai sa ya tsaya ga jan girgije ba. Mutum talatin bisa igiya ɗaya suna neman abincinsu daga ruwan da ya fi ƙarfinsu, shi ma abin a ce Allahu Akbar ne.

Don kada a ce na zo da sanda kawai, ga waɗanda sunka tsaya mini a rai. Akwai wani da anka ɗauka a Fijirose, yammacin Kwatanu, cikin hazo. Babu rana a ciki ko kaɗan. Igiyar taru ta ratsa hoton daga kusurwa zuwa kusurwa, mutane sun jingina baya suna ja, haske ya bugi gefen fuskokinsu da ɗigon ruwan da ke zuba daga igiyar. Kana gani ka san safiya ce, ka san da sanyi, ka san da nauyi. Akwai wani daga Lome, takalma silifa ne guda biyu an ajiye bisa rairayi, kumfa ta kusa taɓa su, can sama jirage uku sun yi layi. Mai silifan bai fito ba, amma ka san baƙo ne, ka san ya tsaya nesa da ruwa yana shawara. Na uku shi ne wanda masu ganin sun waye za su fi rainawa: yarinya da hijabi, iska tana kaɗa shi, ta runtse ido ɗaya, bakinta a buɗe don ruwa ya taɓa ƙafarta karo na farko. Hoton ya ɗan girgiza. Ni dai na fi son sa da jan sama ɗari.

A nan nake raba hanya da masu sukar hoton kai. Mutum cikin hoto ba laifi ba ne. Malik Sidibe na Bamako, wanda anka ba babbar lambar yabo ta Venis a 2007, cikin aikinsa da ya fi daɗi akwai hotunan samari da ƴan mata suna wasa a bakin kogin Kwara a shekarun 1970. Ruwan yana nan, amma abin da ya sa hotunan ba su tsufa ba shi ne yadda mutanen ke ji da ruwan. Namu ma haka ne. Teku dai an ɗauke shi sau miliyan. Abin da ba a ɗauka da yawa ba shi ne haɗuwar ɗan Tawa da teku.

Sai dai shigo da mutane cikin hoto yana da ladabinsa. Masunci ba dutse ba ne, ba kuma kayan ado ba. Yadda ba za ka so baƙo ya tsaya bakin gonarku ya ɗauki tsohonka yana noma ba tare da sallama ba, haka shi ma. A gaisa, a nemi izini ko da da hannu ne in harshe bai haɗu ba, in an ƙi a haƙura, in an yarda a nuna masa abin da anka ɗauka. Kusa da tashar jirage da wuraren soja a kiyaye, hoto a can yana jawo magana. Sannan ruwan kansa: igiyar gaɓar nan tana da ƙarfi ƙwarai, tana ja ta ƙasa, mu kuwa yawancinmu ko a tabki ba mu iya iyo ba. Kada a ba teku baya don neman kusurwa, kada a hau jiƙaƙƙen dutse. Babu hoton da ya kai rai.

Ga mai shirin gangarawa, abin da sharhin nan ke roƙo kaɗan ne, kuma ba ya bukatar sabuwar waya. Ka isa wurin rabin awa kafin rana. Ka bar wayar cikin aljihu minti biyar, ka duba hagu da dama da baya, ka ga su wa ke nan kuma mi suke yi. Ka goge idon kyamara, don iskar teku tana shafa masa gishiri. Ka daidaita layin ruwa. Ka dangwala wurin da ya fi haske don wayar ta rage ɗauka, kuma ka matsa da ƙafa maimakon jawo hoto da yatsa. Idan ka dawo, kafin ka aika, ka yi wa kanka tambaya ɗaya: in kaka ta riƙe wayar ta ce “nan ina ne, su wa ke nan?”, akwai abin da zan nuna mata da yatsa in ba ta labari? In akwai, aiko mana. In babu, gobe ma rana za ta fito, ka koma.